Tambayi Mai Hoto: Walimar Mutum Talatin a Gidan Gona

Wasiƙu uku na ware a wannan watan, duk a kan ƙaramin biki a wajen gari. Ta farko ta fi cin wuri, domin mai ita abokin sana'a ne.

Tambaya: Assalamu alaikum, Baba Mai Hoto. Ni matashi ne, ina ɗaukar hoto a Rigasa, yawanci suna da kamu da dina a hol. Maigidan yayana zai aurar da 'yarsa a watan Disamba, ya ce shi ba ya son taro. Za a ɗaura aure da safe a masallaci a cikin gari, daga nan iyalan biyu, mutum kamar talatin, su wuce gidan gonarsa da ke gaban Rigachikun a yi walima. Sun sa ƙarfe ɗaya na rana. Kyamara ɗaya gare ni da lensi biyu, 18-55mm da ya zo da ita, sai 50mm f/1.8. Ban taɓa aiki a fili irin wannan ba. In yi hayar babbar kyamara ne, ko yaya zan yi?
Ɗanka a sana'a, Rigasa

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Ajiye maganar babbar kyamara tukuna. Abin da za ka fara nema a wajen Alhaji, uban amarya, ba a haya yake ba, lokaci ne.

Ƙarfe ɗaya na rana shi ne mafi munin lokacin da za a tsayar da mutum a fili a ɗauke shi. Gaskiya ne a Disamba rana ba ta tsayawa tsakar ka kamar yadda take yi a Kaduna a tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta, takan ɗan karkata kudu. Duk da haka tana sama sosai. Za ta cika kwarmin ido da inuwa, ta sa goshi da karan hanci ƙyalli, kowa ya yamutsa fuska kamar an ba shi labarin bashi. Kada ka ce a ɗaga walima, wannan ba hurumin mai hoto ba ne. A ci abinci a lokacin da aka sa. Kai dai ka bi ta hannun yayanka, tunda shi ne yaron gidan, ka roƙi alfarma guda: a ba ka mutane bayan an idar da la'asar, kafin kowa ya taɓa makullin mota. Idan aka yi sallah wajen ƙarfe huɗu, kana da daga huɗu da kwata zuwa biyar da rabi. A Nuwamba da Disamba rana na faɗuwa jim kaɗan bayan ƙarfe shida, kuma in hunturu ya yi ƙarfi tana nutsewa cikin hazo tun ba ta kai ƙasa ba. Bayan faɗuwarta ba ka da abin da ya wuce minti ashirin da 'yan kai duhu ya rufe, domin mu nan kusa da tsakiyar duniya muke, rana a tsaye take sauka. Hotunan Turawa da kake gani a intanet, inda yamma ke jan ƙafa awa biyu, ba irin samanmu ba ce. Ga kuma dattawa ba za su so magariba ta riske su a hanyar Zariya ba. To ka ga ɗan abin da ke hannunka. Abu ɗaya da zai taimake ka shi ne ƙarfe ɗayan biki ba kasafai yake zama ƙarfe ɗaya ba.

Zuwa da kai ya fi aike. Mako guda kafin ranar ka hau abin hawa ka je gonar da la'asar, ka tafi da wani ƙanenka sanye da farin kaya, ka riƙa tsayar da shi nan da can kana gwadawa. Nemi bishiya tukuna. Mangwaro yana da inuwa mai kauri, amma in ka shigar da mutane can ƙarƙashinsa fuska za ta yi duhu, ganyen kuma ya shafa mata wani kore-kore da ke da wuyar cirewa a kwamfuta. Darbejiya da ɗorawa inuwarsu a tsattsage take, rana na ratsowa ta ɗiga wa mutum tabo-tabo a fuska da riga. Abin yi shi ne ka tsayar da su a bakin inuwa, ganye a samansu, fuskarsu na kallon buɗaɗɗen sama ba tare da rana ta taɓa su ba. Ka dubi ƙasa ma. Yawancin gonakin wajen nan jar ƙasa ce, tana mayar da jan haske ƙarƙashin haɓa, tana kuma rina bakin babbar riga. Shimfiɗa tabarma ko darduma mai hasken launi inda za a tsaya.

Sannan ka juya ka dubi abin da zai fito a bayansu, domin nan ne hoton gona ya fi lalacewa. Baƙin tankin ruwa, janareto, tulin kujerun roba, ledar ruwa da iska ta maƙale a ƙaya, sai kuma motoci. Kowa zai so ya shigo da motarsa har gindin bishiyar da ka zaɓa, don inuwa. Yi magana da mai gadin gona tun a ranar da ka je dubawa, ku tsayar da inda za a ajiye motoci, nesa da wajen. In ka bari sai ranar, ba za ka iya cewa surukin Alhaji ya janye motarsa ba. A Disamba an gama girbi, ciyawa ta bushe, karan dawa a jingine, komai ya koma launin ƙasa da zinariya. Kada ka ji kunyar wannan. Fararen kaya da lafaya mai launi suna fitowa a kansa fiye da yadda suke fitowa a kan kore.

Yanzu kayan aikinka. Kyamarar da ke zuwa da 18-55mm mai ƙaramin sensa ce, wato farantin da ke karɓar hoto a cikinta, don haka 50mm ɗinka zai yi aiki kamar 75mm ko 80mm, kuma daidai abin da ake so ke nan a hoton mutum ɗaya ko biyu. Buɗe shi f/2 zuwa f/2.8 ga ango da amarya (lambar f ita ce faɗin ƙofar hasken lensi, in ta yi ƙasa ƙofar ta fi buɗewa). Kada ka sake shi f/1.8 in suna biyu, ɗaya zai fito ras ɗaya ya dushe. Hoton taro kuwa koma 18-55mm, ka tsaya wajen 24mm zuwa 35mm, f/5.6 ko f/8, ka ja da baya da ƙafarka. In ka tsaya a 18mm, waɗanda ke gefe za su yi faɗi, kuma yawanci mata ake turawa gefe. Saurin ɗauka kada ya sauka ƙasa da 1/200 na daƙiƙa muddin akwai yara. In haske ya fara ja baya, ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, zuwa 800 ko 1600 ba tare da fargaba ba. Ɗan ƙura-ƙura a hoto ba ya hana a buga shi, amma hoton da ya girgiza ya tafi ke nan.

Babbar jarrabawarka farar shadda ce. Ango zai zo da gezna tana sheƙi, ga baƙar fata a samanta, kyamara kuma ba ta iya gamsar da duka biyun lokaci guda in haske ya yi tsanani. In ka bi fuska, riga ta ƙone ta zama farin fili, aikin da aka biya maɗinki kuɗi masu yawa ya ɓace, kuma abin da ya ƙone ba ya dawowa. Don haka ɗauki RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta matse ba, kunna alamar nan da ke ƙyafta maka inda fari ya ƙone, ka rage haske har rigar ta daina ƙyaftawa, sannan ka ɗago fuskar da faifan mayar da haske. In ba ka da shi, farin kwali babba ko farin zanen gado a hannun yara biyu ya wadatar. Ka guji ɓangaren faifan mai ruwan azurfa da rana tsaka, yana kashe ido, amarya za ta yi ta hawaye kwalli ya zubo.

Hunturu maƙiyin sensa ne. Kada ka kwance lensi a fili iska na kaɗawa. Shiga mota ka rufe gilashi, ka kifa bakin kyamara ƙasa, sannan ka canza. A nan ne maganar haya ta shigo: in kana da kuɗin haya, ɗauko kyamara ta biyu irin taka, ko da tsohuwa ce, ka ɗaura wa kowacce lensinta. Ka huta da canji, kuma in ɗaya ta ƙi aiki a gonar da ba shago ba maƙwabci, kana da madogara. Batir uku a cike, domin kada ka sa ran wuta a can. Memori ƙanana guda biyu ko uku sun fi babba guda ɗaya.

Duk wannan mai sauƙi ne, ɗana. Ga inda aikin yake. A hol mai mutum ɗari biyar, in ka tsallake wata gwaggo ba wanda zai lura, ita ma za ta ce cunkoso ne. A taron mutum talatin kowa zaɓo shi aka yi, an bar wasu ɗari a gida ana ba su haƙuri. Duk wanda bai ga kansa a albam ba, magana ce da za ta daɗe a dangi, kuma kai za a ɗora wa. Saboda haka tun kafin ranar ka nemi yarinya ɗaya mai wayo daga gidan amarya da wani daga gidan ango, su zauna da kai su faɗa maka waye waye. Wace ce ta haifi amarya, wace ce ta riƙe ta, domin sau da yawa ba mutum ɗaya ba ce, kuma marikiyar ce za ta fi kuka. Wane ne waliyyi, wane ne ya karɓi aure. Idan Alhaji yana da mata fiye da ɗaya, duk irin hoton da ka yi wa uwargida da amaryar biki, ka yi wa abokiyar zamanta irinsa, a wuri ɗaya, da yawa ɗaya. Za a ƙirga, ka yarda da ni.

Ka kuma san abin da ba a tilastawa. Idan amarya 'yar fari ce, mahaifiyarta na iya ƙin tsayawa kusa da ita, ko ta tsaya tana kallon wani wajen. Kunya ce irin tamu, ba fushi ba. Kada ka tsaya kana "Hajiya a matso, Hajiya a dafa ta" a gaban surukai. Bar ta, ka sa mata ido daga nesa da 50mm. Akwai lokacin da za ta saci kallon 'yarta tana zaton ba mai ganinta, wannan shi ne hoton. Haka ango ba zai tsaya kafaɗa da kafaɗa da surukinsa yana dariya ba. Zai cire takalmi ya durƙusa ya gaishe shi, dattijon ya miƙa masa hannu ko ya dafa kansa. Ka kasance a shirye tun ango na nufar wajen, domin abin ba ya wuce daƙiƙa biyar kuma ba a cewa a maimaita.

A hoton taro fara da tsofaffi. Kawo wa kaka kujera mai kyau daga cikin gida, ba ta roba ba, ka zaunar da ita inda haske ya fi daɗi, ka gina sauran a kewayenta. Yi babban hoton kowa da kowa da farko, sannan ka riƙa sallamar mutane kashi-kashi, dattawa su koma inuwa, matasa su rage. Kowane tsayi ka danna sau huɗu ko biyar, a cikin mutum talatin dole wani ya ƙyafta.

Wani abin da hol ya ɓoye maka shi ne ƙararka. Can kiɗa na tashi, ba mai jin takunka. A gona ba abin da ake ji sai iska da kukan zabi. Lokacin da uba zai yi wa 'yarsa nasiha, ko malam ya ɗaga hannu a shafa fatiha, kowane danni naka kowa zai ji. Kashe ƙarar fokas, kashe filash, in kyamararka na da ɗauka marar sauti ka kunna. Zaɓi wuri guda ka tsaya, ka ɗauki uku ko huɗu, ka sauke kyamara ka shafa tare da jama'a. Mu da muka fara da fim mai hoto 36 dole ta koya mana jira. Ku da memori ba ya cika sai kun koya wa kanku.

Sa kaftani da hula kamar ɗan gayya, ka bar rigar nan mai aljihu goma a gida. Da isarka bi dattawa ka gaishe su ɗaya bayan ɗaya kafin ka buɗe jaka. Wanda ka durƙusa ka gaisar ba ya ɗaure maka fuska in ka ɗaga kyamara. Kada ka ɗauki mutum da loma a baki, ɗauki akushi da tire kafin a sa hannu, ka bar mutane su ci abincinsu. In an tayar da sallah ajiye kyamara ka bi sahu.

Ango da amarya ka ware musu minti ashirin na ƙarshe, daga wajen biyar da minti goma. Ba za su sake a gaban iyaye ba, don haka janye su bayan gida ko bakin rijiya, ko ina dai idon manya ba ya kaiwa, tare da ƙawa guda da za ta riƙa gyara mayafi. Juya bayansu ga rana, hasken ya zagaye gefen mayafin da hular, faifanka ya cika fuska. Kada ka ce su yi abin da suka gani a Instagram. Ce musu su taka a hankali zuwa waccan bishiya suna hira, ka bi su daga nesa. Sanyin hunturu na busar da leɓe da gwiwar hannu, sa ƙawar ta riƙe man shafawa. Hazon kuma zai sa hotunan su fito fari-fari ba ƙarfi. Ƙara musu ƙarfi kaɗan a kwamfuta, amma kada ka kore hazon gaba ɗaya, shi ne shaidar watan da aka yi bikin. Kuma don Allah ka bar wa amarya launin fatarta. Wannan ɗabi'a ta mayar da kowace amarya Balarabiya ta ishe ni.

Tambaya: Baba, barka da aiki. Bikina a watan Agusta ne. Ba na son dina, wunin mata kawai za mu yi a lambun ƙanen babana a hanyar Kachia, mu da ƙawaye da iyaye mata, ba mu fi ashirin da biyar ba. Abu biyu ke damuna. Ina tsoron in wayi gari in ga hotunanmu a shafin mai hoto, alhali iyaye za su ajiye mayafi su sake. Na biyu, wanda na tambaya ya yanka mini kuɗi kusan daidai da na hol. Ba cuta a ciki kuwa?
'Yarka, Malali

Amsa: 'Yata, Allah ya sa albarka, ya kai mu lokacin. Tunda wunin mata ne, nemi mace mai hoto. Akwai su a Kaduna yanzu, wasunsu sun fi mu iya wannan aikin, domin suna shiga inda ba ma shiga, kuma gwaggonninki ba za su riƙa janyo gyale duk lokacin da aka ɗaga kyamara ba. Amma ki tambaye ta abin da mutane ke mantawa: wa ke yi mata gyaran hoto a kwamfuta, kuma ina take kai bugu? Mace na iya ɗauka, ta miƙa wa namiji ya kwana yana gyarawa. In wannan ya dame ki, ki faɗa tun farko.

Batun sakawa a intanet, doka ma tana bayanki. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta ba wanda ya sa aka ɗauke shi hoto don amfanin kansa da iyalinsa ikon hana a wallafa shi ko a baje shi ga jama'a, sai fa in sun yi wata yarjejeniya saɓanin haka. Wannan "sai fa" ɗin ita ce abin lura. Wasu masu hoto suna da takardar da ake sa wa hannu, a cikinta akwai layin da ya ba su izinin talla da hotunanki. Karanta kafin ki sa hannu. In babu takarda, rubuta mata a WhatsApp ƙarara cewa ba ki yarda a saka ko guda ɗaya ba, ta amsa da "na yarda", ki ajiye saƙon, sannan ki tura kafin alƙalami. Kada ki ji nauyin yin haka, mai sana'ar kirki ba za ta ji haushi ba. Tana iya roƙon ki bar mata hoton lalle ko na adon wuri da ba fuska a ciki, wannan ke za ki duba.

Sai dai in gaya miki, yawancin hotunan da ke fita ba ta hannun mai hoto suke fita ba. Mai kwalliya za ta ɗauki bidiyonki tana juya miki fuska, mai lalle za ta ɗauka, mai adon wuri za ta ɗauka, ga wayoyin ƙawaye ashirin. Kowaccensu sai kin yi mata magana daban. Ƙawaye kuwa, sa babbar ƙawa ta sanar tun a zauren WhatsApp na biki. A taro ƙarami irin naki ana iya riƙe wannan, kuma in hoto ya fita ba a wahalar gane inda ya fito.

Kuɗi kuma, ba lallai cuta ba ce. Mai hoto ba kan mutane yake ƙirgawa ba, wuninsa yake sayarwa, da man motar zuwa hanyar Kachia da dawowa, da kwanakin da zai yi a gaban kwamfuta. Waɗannan ba sa raguwa don baƙi sun ragu. Abin da ya kamata ya ragu shi ne mataimaki na biyu, fitilun hol, da ƙaton albam mai shafi da yawa. Ce masa ya warware miki kuɗin ɗaya bayan ɗaya. In ya ƙi, ko kika ga yana cajin fitilu a bikin rana, nemi wani.

Ba ki tambaye ni Agusta ba, amma sai na faɗa. Tsakiyar damina ke nan a Kaduna, kuma ni a wajena babu watan da ya kai shi kyawun haske. Gajimare na tace rana, ana iya ɗaukar hoto ko da azahar, lambu kuma ya yi kore shar. Matsalar ruwa ce. Ki tabbata akwai baranda mai faɗi ko falo mai manyan tagogi da zai ɗauke ku duka, ki kuma sa wani yaro ya riƙa duban gabas, ta nan hadarinmu ya fi tasowa. In ya haɗu, a fara da hoton taro, sauran a yi daga baya. Rumfar haya ki ce fara kike so. Ja ko shuɗiya za ta rina fuskar duk wanda ya zauna a ƙarƙashinta, kuma ba mai gyaran da zai iya cire wannan da kyau. Kada ki sa koren kaya, kada ki fitar da koren anko, za ku narke cikin ganye. Jan garura, ruwan zuma, ruwan goro, ruwan hoda, duk suna tashi a kan kore. Takalmi mai tsini zai nutse a laka, zo da mai faɗin ƙasa, lafaya za ta rufe shi. Ki kuma gaya wa mai kwalliya cewa a fili za a yi, da rana. Kwalliyar da aka yi don fitilun hol tana da nauyi, hasken rana kuma ba ya rufa asiri, duk inda hoda ta tsaya a wuya sai ya nuna.

Tambaya: Malam, ni ne babban abokin ango. Muna son mu kai ango da amarya wani wuri mai kyau a wajen gari washegarin ɗaurin aure, mu kaɗan, a yi hotuna har da na sama da doron, wato ɗan jirgin nan marar matuƙi mai kyamara. Wasu sun ce Kajuru, wasu sun ce Kangimi. Me ka gani?
Abokin ango, Barnawa

Amsa: Malam, duka biyun suna da abin gani. Ginin Kajuru, wanda wani Bajamushe ya yi a kan dutse a shekarun 1980, yana da katangar dutse da hasumiya, ga duwatsu a kewaye har iyakar gani, kuma nisansa daga Kaduna kimanin kilomita 45 ne. Sai dai dutse na riƙe zafi yana kuma mayar da haske da ƙarfi, don haka safiya ce lokacinsa. Kuma ba zan ɓoye maka ba, a Afrilun 2019 'yan bindiga sun kai hari a wurin, mutum biyu suka rasa rayukansu. Ba ina cewa haka yake a yau ba, ina cewa kada ku ɗauki amaryar mutane ku hau kowace hanya ta wajen gari sai kun tambayi masu wurin da mutanen yankin halin da ake ciki a makon, iyayenta kuma sun sani sun amince. Ku fita da sassafe, ku dawo rana na sama, kuma kada kowa ya saka inda kuke a intanet sai kun iso gida.

Kangimi ta wajen Maraban Jos take, akwai dam, akwai filin folo na Fifth Chukker da dawakinsa. Wuri ne mai masu shi, sai an nemi izini an ji sharuɗɗansu kafin a zo da kyamara. Ruwa da shimfiɗaɗɗen fili sun fi sauƙin aiki ga mai hoto fiye da dutse, kuma amarya mai dogon kaya ba za ta yi ta hawa da sauka ba. Ni da za a bar mini zaɓi, can zan nufa.

Doron kuwa, ka yi hattara. Tun 2016 hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ƙasa ta hana tashinsa sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Kaduna kuma garin soja ne: ga makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA, ga sansanin sojan sama a Mando, ga barikin Jaji da ba shi da nisa da Maraban Jos. Duk wanda za ku ɗauka ya nuna muku takardarsa, mai wurin ma ya amince. In ba shi da ita, ku bar shi a gida. Hoton sama na mutum takwas ɗigo takwas ne a tsakiyar fili, sau ɗaya ake kallonsa. In tsayi kuke so, mai hoto ya zo da ƙaramin tsani mai taka uku ko ya hau bayan a-kori-kura, daga nan zai samu filin duka kuma a gane fuskar kowa.